Bishiyoyin da Monet Ya Hana a Sare

Kafin 1841, mai zane a Turai da ke son fita daji da kayan aikinsa wahala yake sha, domin a mafitsarar alade ake ƙulle fenti, a huda a matso, ragowar kuma ta bushe. A shekarar ce wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun kuza da ake matsawa, fenti ya zama abin jefawa a jaka a tafi.

Masu zanen ƙauyen Barbizon, irin su Théodore Rousseau, su suka raya al'adar zama gaban bishiya a zana ta ido da ido. Ƙaunarsu ga dajin Fontainebleau ta kai har a 1861 gwamnatin Faransa ta keɓe fiye da hekta 1,000 na dajin, aka hana sara.

Claude Monet ya gaji wannan al'ada, ya kai ta inda ba wanda ya kai. A 1891 ya ɗora ido kan wani layin dogayen bishiyoyi sirara a bakin kogin Epte, kusa da gidansa na Giverny. A kwale-kwale yake zuwa, da allunan zane da yawa. Haske na sauyawa, sai ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Yana tsakiyar aiki hukumar ƙauyen Limetz ta sa bishiyoyin a gwanjo. Monet bai yi wata-wata ba, ya haɗa baki da wani ɗan katako: shi ya saya, Monet ya cika masa kuɗi, da sharaɗin ba za a sa gatari ba sai zane ya kammala. Ya fitar da zane sama da 20, sannan aka kayar da bishiyoyin.

Wanda ya matsa kusa da ɗaya daga cikin zane-zanen, ɗigo-ɗigon shuɗi, ruwan hoda da kore kawai zai gani, ba ganye ko ɗaya da aka zana shi ɗai. Sai ya ja da baya reshe ya fito, iska ta kaɗa shi, inuwar ta kwanta a ruwa. Nan gwanintar take, kuma ta cancanci a tsaya mata.

A watan Fabrairun 1892 dillalinsa Paul Durand-Ruel ya baje 15 daga cikinsu a Paris, ba tare da ya cuɗa su da wani zane ba.