Tiyatar sauya gaɓar ƙugu: Abin da maniyyaci ya kamata ya sani kafin tafiya Makka

Aikin Hajji ibada ce ta ƙafa. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da tattaki zuwa wurin jifa a Mina. Shi ya sa masu ciwon ƙugu ke yawan tambaya: a yi tiyata kafin tafiya, ko a bari sai an dawo?

Mece ce wannan tiyata?

Likita kan cire kan ƙashin cinya da ya lalace, ya gyara gurbinsa, sannan ya dasa gaɓar da aka ƙera da ƙarfe da roba mai ƙwari ko tangaran. Aikin yakan ɗauki sa'a ɗaya zuwa biyu.

Likitan Birtaniya Sir John Charnley ne ya kafa tsarinta na zamani a asibitin Wrightington da ke Ingila a farkon shekarun 1960. A arewacin Najeriya, ana yin ta a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Galibi ana yin ta ne saboda zaizayar guringuntsi ko karayar ƙugu ga tsofaffi. Matasa masu cutar sikila ma kan buƙace ta, idan jini ya daina isa kan ƙashin har ya mutu.

Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 58 cikin 100 na gaɓoɓin da aka dasa kan kai shekara 25.

Shiri kafin tiyata

Ana so a daidaita hawan jini da ciwon suga, a daina shan taba, a kuma magance ruɓewar haƙori ko wani gyambo, domin ƙwayoyin cuta na iya bin jini su kai ga sabuwar gaɓar. A gida, a tanadi gado da kujera masu tudu da masai na zama.

Muhimmi kuma shi ne maniyyaci ya sanar da likitansa niyyar tafiya tun kafin a tsayar da ranar aiki.

Yaushe za a iya tafiya?

Yawanci majinyaci kan taka ƙasa da sandunan dogarawa a ranar tiyata ko washegari, ya ajiye su bayan mako huɗu zuwa shida. Cikakkiyar warkewa na iya kai shekara guda.

Babban haɗarin makonnin farko shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma doguwar zama a jirgi na ƙara shi. Daga Kano zuwa Jidda ya haura sa'a huɗu, don haka likitoci da dama kan ba da shawarar a jira kimanin wata uku. Kumburin sha-raɓa, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi na buƙatar asibiti nan take.

A ƙasa mai tsarki

A watannin farko, likita kan hana tsuguno, harɗe ƙafafu da zama a ƙasa, don kada gaɓar ta goce. Wannan ya shafi sujada, zaman tahiya, kwanan Muzdalifa da banɗakunan tsuguno.

Shari'a ta yi sauƙi a nan. Malamai sun haɗu a kan cewa wanda ya kasa tsayuwa zai yi salla a zaune, kuma mai rauni na iya wakilta wani ya yi masa jifa. A Masallacin Harami akwai kekunan turawa da masu lantarki don ɗawafi da sa'ayi, sannan jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2010 na zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa.

Ya kamata alhaji ya riƙe takardar likitansa, domin na'urar binciken filin jirgi na iya yin ƙara saboda ƙarfen. Ya kuma guji turmutsutsu da santsin wuraren alwala. Idan ya faɗi ya kasa taka ƙafar, kada a yi yunƙurin ɗori: a kira motar agajin gaggawa ta Saudiyya a lamba 997.

Hajji ya wajaba ne a kan mai iko, kuma lafiyar jiki na cikin ikon. Wanda ranar tiyatarsa ta matso kusa da tashin alhazai, ɗage tafiya zuwa baɗi ya fi masa alheri a kan ya koma ɗakin tiyata a karo na biyu.