Daga Kalandar Coci zuwa Faɗan Josh: Yadda Takwarori Suka Sami Ranarsu

Tun kafin zuwan intanet, Turawa suna da ranar da masu suna ɗaya ke biki tare. Tushenta kalandar Coci ce, wadda ta ware wa kowane waliyyi rana a shekara, kuma duk wanda ya ci sunansa shi ma ranar tasa ce. Har yau a Bulgeriya, idan 6 ga Mayu ta zo, gidan kowane Georgi cike yake da baƙi da gasasshen naman rago. A Girka ranar 6 ga Disamba ta su Nikolaos ce. A Finland kuwa al'adar ta bar hannun malaman addini, Jami'ar Helsinki ce ke tsara jerin sunayen, tana sabunta shi duk bayan shekara biyar.

Amurkawa ba su riƙe wannan al'ada ba, sai suka ƙirƙiro tasu ta raha. A 1969 aka kafa ƙungiyar Jim Smith a jihar Pennsylvania, wadda sharaɗin shiga cikinta ɗaya ne tak: sunanka Jim Smith.

A irin wannan raha, abin da ya fi tashe shi ne Faɗan Josh. A ranar 24 ga Afrilun 2020, lokacin kullen korona, wani ɗalibi a birnin Tucson na jihar Arizona mai suna Josh Swain ya gaji da yadda duk shafin da ya je buɗewa sai ya tarar wani takwaransa ya riga shi ɗaukar sunan. Sai ya tattara masu sunan Josh Swain a zauren hira ɗaya na Facebook, ya ce musu su haɗu bayan shekara guda cif da ƙarfe 12 na rana a gwabza: wanda ya yi nasara ya riƙe sunan, sauran kowa ya nemi wani. Wurin haɗuwar ma da ka ya zaɓe shi a taswira. Ya ɗauki hoton saƙon ya saka a Twitter, kafin ka ce kwabo zance ya karaɗe duniya.

Da lokaci ya matso, sai wasa ya zama gaske. Wurin da ya zaɓa ashe gonar wani ce kusa da birnin Lincoln a jihar Nebraska, don haka aka mayar da taron filin Air Park. Ranar 24 ga Afrilun 2021 ɗaruruwan mutane suka hallara, wasu sanye da kayan Spider-Man, wasu da na jaruman fim ɗin Star Wars. Josh Swain biyu ne suka bayyana, na Arizona da wani daga Omaha, suka raba gardama da wasan hannu na dutse, takarda da almakashi, na Arizona ya ci. Daga nan aka buɗe fili ga duk mai suna Josh, aka kaure da duka da dogayen sandunan soso masu laushi irin na koyon iyo. Da ƙura ta lafa, wani yaro ɗan shekara 4 da ake kira Ƙaramin Josh aka ɗaga sama, aka ɗora masa kambin takarda na gidan abincin Burger King.

Raha ba ta tashi a banza ba. An tara sama da dala 14,000 ga asibitin yara na Omaha, aka kuma haɗa kayan abinci don mabuƙata a Lincoln. A Mayun 2022 aka sake taruwa, yaron ya sake lashe kambin.

Sauran sunaye ma ba a bar su a baya ba. A 2019 wani mai gidan shaƙatawa a ƙauyen Bretforton na Ingila ya tara masu suna Nigel sama da 400, ganin iyaye sun daina raɗa wa jarirai sunan. Birnin Kyle na jihar Texas kuma ya gayyaci duk wani Kyle, inda 1,490 suka amsa kira a 2023. Duk da haka ba su kamo tarihin da kundin Guinness ya rubuta a Bosniya ba, inda masu suna Ivan 2,325 suka taru wuri guda a ranar 30 ga Yulin 2017.