Rabilu Musa Ɗan Ibro, Ɗan Kaman Zamani

Kowace ranar Alhamis kasuwar Maigatari takan cika ta batse. Mutane sukan zo daga Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗansu kuma su ƙetaro iyaka daga ƙasar Damagaram da raƙuma da shanu. Tun zamanin da, ba ciniki kaɗai ake yi a manyan kasuwanni irin wannan ba. Akwai masu sana'ar ba da dariya, waɗanda ke mantar da bafatake gajiyar tafiya. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne ɗan kama.

Ɗan kama yakan yi shigar malamai, ya naɗa rawani, ya rataya gafaka, ya buɗe takarda kamar mai shirin wa'azi. Amma wa'azinsa duk na tuwo ne da miya da nama. Yana waƙa, yana rawa, yana kwaikwayon marowaci da makwaɗaici da mai girman kai. Al'ada ta ba shi damar taɓa kowa, ba a kama shi da laifi, domin kowa ya san wasa ne. A cikin wasan nan kuwa yakan faɗi gaskiyar da wani ba shi da bakin faɗinta.

Da zamani ya juya sai wasan kwaikwayo ya shiga makarantu, ya shiga rediyo da talabijin, aka san irin su Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, watau wasan da ake lissafawa shi ne mafarin finafinan Hausa. Mutanen Arewa sun daɗe suna kallon finafinan Indiya a gidajen silima, saboda haka ba a jima ba waƙa da rawa suka zama gishirin finafinan Hausa. A wannan sabon fage ne Rabilu Musa ya fito.

An haifi Rabilu a garin Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa ta Jihar Kano, ran 12 ga Disamba, 1971. Ya yi firamare a garinsu, sa'an nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Bai zauna a kan aikin malanta ba. A shekarar 1991 ya shiga aikin gandiroba, ya yi shekara 8 yana tsaron fursuna, har ya kai muƙamin sufeto. Aikin gidan yari aiki ne na ganin mutane iri-iri, da ɓarawo, da mai bashi, da wanda tsautsayi ya faɗa wa, kowa da irin maganarsa da irin dabararsa. Ga mai son kwaikwayo babu makarantar da ta fi wannan.

Tun yana cikin kaki ya fara fim, a shekarar 1997. Wasan da ya fara fito da shi shi ne 'Yar Mai Ganye. Da ya ga jama'a sun karɓe shi, sai ya ajiye aikin gwamnati mai albashi duk wata, ya rungumi sana'ar da a lokacin mutane da yawa ba su ɗauke ta da daraja ba. Sunan Ibro, wanda yake amsawa a cikin wasa, ya bi shi har ya danne sunansa na yanka.

Ibro na cikin wasa talaka ne mai wayon banza. Kullum yana neman hanyar ci ba tare da wahala ba, kullum dabararsa tana komawa kansa. Yau ya fito Bafulatani, gobe direba, jibi angon Hajiya. Duk abin da ake yayi a gari sai ya sa rigarsa. Sa'ad da kiɗan Awilo Longomba, mawaƙin ƙasar Kwango, ya cika gari, sai ga Ibro Awilo. Waƙoƙin da aka san shi da su, irin su Bayanin Naira da Direba Makaho, ba na soyayya ba ne kamar na sauran finafinai. Zancen kuɗi ne da yunwa da halin mutane, watau dai abin da ɗan kama ke waƙa a kai tun kaka da kakanni. A al'adar finafinan Hausa sau da yawa wani ne ke rera waƙa, ɗan wasa ya hau kanta yana motsa baki. Sadi Sidi Sharifai ya yi suna wajen rera waƙoƙi da irin muryar Ibro. Da haka finafinansa suka bazu birni da ƙauye, suka ƙetare iyaka zuwa Nijar da sauran wuraren da ake jin Hausa.

Amma kaset ba kasuwa ba ce. Maganar ɗan kama takan watse tare da watsewar kasuwa, ta kaset kuwa tana nan, kowa ya gani, ya sake gani, ya yi mata fassarar da ya ga dama. Wanzami kuma ba ya son jarfa. A shekarar 2002 ya fito a Ibro Usama, inda ya kwaikwayi Usama bin Ladan, malamai da yawa a Kano suka yi tir da wasan. Daga shekarar 2007 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta tsananta dokokinta, aka kama 'yan fim da dama. A watan Oktoba na 2008 aka gurfanar da Rabilu a gaban kotun tafi-da-gidanka, aka tuhume shi a kan fim ɗin Ibro Aloko da kuma tafiyar da kamfani ba rajista. Aka yanke masa ɗaurin wata 2. Hukuma ta ce tarbiyyar jama'a take karewa. Abokan sana'arsa kuwa suka ce akwai siyasa a ciki. Ko yaya dai abin yake, wanda dā yake riƙe da makullin kurkuku, shi ne aka kulle a ciki. Gaskiyar masu iya magana, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Da ya fito bai bar sana'a ba. Ya ci gaba da wasa da waƙa, jama'a kuma ba su juya masa baya ba. Daga baya ciwon ƙoda ya kama shi. Ya rasu ran 10 ga Disamba, 2014, saura kwana 2 ya cika shekara 43. Aka yi jana'izarsa a Ɗanlasan, inda aka haife shi, mutane suka taru daga ko'ina.

Rabilu Musa bai ƙago sana'ar ba da dariya a ƙasar Hausa ba. Gadonta ya yi daga 'yan kama, ya ɗauke ta daga bakin rumfa ya shigar da ita cikin gidajen mutane. Sai dai damar da al'ada ta ba ɗan kama na kasuwa, doka ba ta ba shi ita ba, ya kuwa ɗanɗana kuɗarsa. Har wa yau, in yaro ya cika barkwanci a gida ko a makaranta, akan ce masa Ibro. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.