Darasin Matsuguni a Firamare: Daga Zaure Zuwa Ɗakin Dusar Ƙanƙara

Darasin matsuguni wani ɓangare ne na ilimin zamantakewa da ake koyarwa a ƙananan azuzuwan firamare, inda ake jera gida tare da abinci da sutura cikin buƙatun da ɗan Adam ba ya rayuwa sai da su. Manufarsa ita ce yaro ya gane abin da ke bambanta gidajen mutane: yanayin ƙasa, kayan ginin da ke kusa, da sana'ar masu gidan.

A Dutsin-Ma da Kurfi, malami ba ya buƙatar tafiya nesa kafin ya samu misali. Ginin gargajiya na tubali ne, wato ƙasar da aka cuɗa da ciyawa, aka mulmula, aka shanya a rana. Ana rufin soro da azara, wadda ake faskarowa daga giginya domin gara ba ta cika cin ta ba. Kaurin bango na tare zafin bazara, ya kuma riƙe ɗumi a daren hunturu. Indararo na nesanta ruwan sama da gindin gini, makubar ɗorawa kuma na kare shafe. Shi kuwa zaure tarbiyya ce da aka gina da ƙasa: nan baƙo namiji ke tsayawa ya yi sallama. A bayan gari ga rugar Fulani da bukkokinta na kara da ciyawa, daidai da rayuwar mai bin makiyaya.

Daga nan ne ya dace a leƙa duniya. Makiyayan Mongoliya na kafa zagayayyen tanti na gashin tumaki, su naɗe shi idan za su tashi. Mutanen Makoko a Legas sun ɗora gidajensu kan turaku a cikin ruwa. Mafarautan Inuwit na arewacin Kanada kan gina ɗakin wucin gadi da dusar ƙanƙara. A Shibam ta ƙasar Yaman akwai benayen ƙasa masu hawa da dama, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1982.

Inda darasin kan karkace shi ne a jera gidaje kamar matakala, bukka a ƙasa, ginin bulo da kwano a sama. Yaron da ya fito daga soro sai ya koma gida yana kunyar ɗakin kakarsa, alhali ɗakin kwano mara silin ne ke hana barci a watan Afrilu. Abin lura ne ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, waɗanda gobe za su riƙe alli a waɗannan azuzuwa.

Akwai kuma buƙatar tausasa harshe. Hare-haren 'yan bindiga sun raba iyalai da dama da ƙauyukansu a wannan yanki, don haka cikin yaran da za a ce su zana gidansu, ba a rasa wanda gidan da zai zana ya daɗe da zama kufai.