Linux: Yadda ake gano matsalar kwamfuta da gyara ta ba tare da asarar bayanai ba

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da injin sarrafawa na baya-bayan nan, sharuɗɗan da ɗimbin kwamfutocin hannu na gwanjo ba su cika ba. Ga ɗalibi ko ɗan jarida ko ɗan fafutukar da ba shi da halin sayen sabuwa, mafita ɗaya ita ce Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finland a 1991, wadda kowa ke da damar saukewa kyauta da duba yadda aka gina ta.

Linux iri-iri ce. Bayanin nan ya shafi Ubuntu, wadda kamfanin Canonical ya fara fitarwa a 2004, da Linux Mint da aka gina a kanta. Dukkansu suna samun matsala kamar kowace manhaja, sai dai suna rubuta kusan duk abin da ya faru a cikinsu. Saboda haka gyara yana farawa ne da karanta wannan rubutu, ba da goge komai a sake zubawa ba.

Na'ura ce ko manhaja?

Wannan ce tambayar farko, kuma filashin da aka zuba Linux da shi zai taimaka wajen amsa ta. Ana iya tayar da kwamfuta kai tsaye daga filashin ba tare da an taɓa abin da ke cikin faifan ajiya ba. Idan sauti ko Wi-Fi ya yi aiki a nan, to na'urar lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin saitin da ke kan faifai. Idan ya ƙi a nan ma, zargi ya koma kan na'urar ko kan rashin direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa na'ura da tsarin.

Kafin a ci gaba, a yi amfani da wannan dama a kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri. Kayan aikin da suka lalace ana sayen wasu, amma hirar da aka naɗa da rahoton da aka yi wata uku ana haɗawa ba su da kasuwa.

Inda kwamfuta ke ajiye bayanin ciwonta

Ana buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, da danna Ctrl da Alt da T a tare. Umarnin journalctl -b -p err yana nuna kurakuran da aka samu tun daga kunnawar ƙarshe. Idan kwamfutar ta daskare ne aka kashe ta da ƙarfi, journalctl -b -1 zai nuna abin da ya faru a zaman da ya gabata. Shi kuwa lspci -k yana jera na'urorin da ke ciki tare da direban da kowace ke amfani da shi, yayin da lsusb ke jera waɗanda aka jona ta kafar USB.

Ba dole ne mutum ya fahimci kowane layi ba. Abin nema shi ne sunan na'urar da ainihin kalmomin kuskuren, domin da su ake bincike a intanet.

Wi-Fi ya ƙi aiki

A fara da rfkill list, wanda zai nuna ko an toshe Wi-Fi ne ta wani maɓalli a jikin kwamfutar. Idan ba haka ba ne, sau da yawa direba ce babu, musamman a tsofaffin kwamfutoci masu katin Broadcom. Matsalar a nan ita ce sai da intanet ake sauko da direbar. Mafita ita ce a jona wayar Android da kebul, a kunna raba intanet ta USB, sannan a buɗe Additional Drivers a Ubuntu ko Driver Manager a Mint, a zaɓi direbar da aka ba da shawara.

Allo ya yi baƙi bayan sabuntawa

Wannan ya fi faruwa a kwamfutoci masu katin hoto na Nvidia, ko bayan an sabunta kanel, wato zuciyar Linux. Tsarin ba ya goge tsohon kanel nan take. A sake kunna kwamfutar, a riƙe Shift ko a danna Esc har jerin zaɓin GRUB ya bayyana, a shiga Advanced options, a zaɓi kanel ɗin da ya gabata. Idan hakan bai yi ba, a danna harafin e a kan zaɓin farko, a ƙara kalmar nomodeset bayan quiet splash, a danna F10. Hoton ba zai yi kyau ba, amma zai isa a shiga a gyara direba.

An ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa

Inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma batirin kwamfuta ya mutu, wannan matsala ce ta yau da kullum. Manhajojin da aka fara zubawa ba a gama ba sukan hana a zuba wasu. Umarni biyu ne ke warware ta: sudo dpkg --configure -a, sai sudo apt --fix-broken install. Idan kuma kwamfutar ta tsaya a baƙin allo mai ɗauke da kalmar initramfs, galibi tsarin fayiloli ne ya hargitse, kuma saƙon da ke sama yakan ambaci ɓangaren faifan da abin ya shafa, misali /dev/sda2. Sai a rubuta fsck -y tare da wannan sunan daidai yadda ya bayyana. Rigakafin dai shi ne kada a fara sabuntawa sai da isasshen caji.

Nauyi, zafi da daskarewa

Umarnin df -h yana nuna ko faifai ya cika, domin idan ya cika maƙil yana iya hana shiga kwamfutar gaba ɗaya. Manhajar Disks tana karanta rahoton lafiyar faifai da ake kira SMART, kuma idan ta yi gargaɗin lalacewa, babu umarnin da zai warkar da shi, sai kwashe bayanai da sauya faifan. Memtest86+ yana gwada ƙwaƙwalwar RAM. Kwamfutar da ke mutuwa da kanta bayan ta yi zafi kuwa, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe fankarta.

Ƙananan matsaloli biyu

Masu amfani da Windows da Linux a kwamfuta ɗaya a Najeriya da Nijar sukan tarar agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya. Dalili shi ne Linux tana saita agogon na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma tana ɗaukar sa lokacin gida. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 yana daidaita su. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ kuwa ba sa buƙatar wata manhaja ta daban, domin a cikin saitin madannai akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Ghana.

Hattara wajen neman taimako

Duk umarnin da ya fara da sudo yana aiki ne da cikakken iko a kan kwamfutar. Wanda ya kwafo irinsa daga wani baƙo a intanet bai san aikinsa ba, ya ba kura ajiyar nama. Umarni irin su rm -rf da dd da mkfs suna iya share faifai ba tare da tambaya ba. Ka'ida ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta abin da aka sauya, a gwada, sannan a matsa gaba.

Rahoton kurakurai kan ɗauki sunan mai kwamfuta da sunan Wi-Fi ɗinsa, don haka a goge su kafin a wallafa shi a dandalin neman taimako. Haka nan duk wanda ke riƙe da filashin Linux zai iya karanta faifan da ba a kulle ba, ko da bai san kalmar sirrin shiga ba. Mai ajiye sunayen majiyoyi ko na abokan gwagwarmaya ya kamata ya zaɓi kulle faifai da tsarin LUKS tun lokacin zuba manhajar, ya kuma san cewa idan ya manta kalmar buɗewa, Canonical ma ba za ta iya buɗe masa ba. Idan faifan ba a kulle yake ba kuma dole a kai kwamfutar wurin mai gyara, a cire shi tukuna, ko a tsaya a yi aikin a gaban mai ita.