Baga, Garin Bakin Tafkin Cadi

Baga wani gari ne a ƙasar Barno, a gaɓar yamma ta Tafkin Cadi, cikin yankin Kukawa. Tsakaninta da Maiduguri wajen mil 120 ne. Matafiyi in ya bar Maiduguri sai ya yi arewa maso gabas, ya wuce Munguno, ya isa Kauwa inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Kukawa, ɗaya kuwa ta miƙe zuwa Baga. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba tsauni, damina kuwa gajeriya ce, ba ta cika wuce wata uku ba. Saboda haka tun asali abincin mutanen Baga a tafki yake, kuma ba a iya ba da labarin garin sai an fara da labarin ruwan.

Tafkin Cadi ya taɓa ƙasashe huɗu, watau Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Mafi yawan ruwansa, kusan kashi tara cikin goma, Kogin Shari ne ke kawo shi daga kudu, bayan ya haɗu da Kogin Lagwan a Injamena. Daga yamma kuma akwai Kogin Yobe, wanda ke ɗauke da ruwan Haɗeja da na Jama'are, har da wanda ya gangaro daga ƙasar Kano, ya zuba a tafkin arewa da Baga. Da yake ruwan Shari daga nesa yake tasowa, ba ya cika tafkin sai bayan damina ta ɗauke. Shi ya sa a lokacin hunturu, sa'ad da ƙasa ta bushe ko'ina, a sa'an nan ne ruwa ke hauhawa a bakin Baga. Tafkin ba shi da zurfi ƙwarai, a wurare da yawa da gora ake tura jirgi. Ba shi kuma da mafita zuwa teku, amma duk da haka ruwansa na daɗi ne, gama wani sashe nasa yana tsiyayewa ƙarƙashin ƙasa ya tafi da gishirin.

Mutanen gaɓar nan Barebari ne, a cikin tsibirai kuwa Buduma ke zaune. Su Buduma mutanen ruwa ne. Da ciyawar tafki suke ɗaure jiragensu, suna kuma kiwon waɗansu shanu farare masu kumburarrun ƙahoni da ake kira Kuri, waɗanda kan yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. A zamanin da, tsakaninsu da mutanen gaɓa wani lokaci ciniki ne, wani lokaci hari.

Wannan yanki ya sami ɗaukaka sa'ad da Shehu Muhammadu Laminu ya gina Kukawa a cikin shekarar 1814, bayan Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808. Da Kukawa ta zama babban birnin Barno, sai ƙauyukan bakin ruwa suka zama ƙofarta ta gabas. A cikin 1823 Turawa uku, Denham da Clapperton da Oudney, suka ratso Hamada suka ga tafkin, suka sauka wurin Shehu. A 1851 kuma Barth da Overweg suka zo. Shi Overweg da jirginsa ya taho, an rarraba shi gunduwa-gunduwa an ɗora wa raƙuma tun daga Tarabulus, aka harhaɗa shi a bakin tafki, ya shiga ya zaga tsibiran Buduma. Bai koma gida ba, a nan ƙasar ajali ya same shi a 1852. Sa'an nan a 1893 Rabe ya ci Kukawa ya rushe ta, shi kuma Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Bayan zuwan Turawan Ingila, Shehu Garbai ya koma Yerwa da zama a 1907, Kukawa ta zama garin hakimi.

Ko da sarauta ta ƙaura, ciniki bai ƙaura ba. Babban abin da aka fara sanin Baga da shi kanwa ce. A ƙasar Kanem ake haƙo ta, can gabas da tafki, a kai ta wani gari mai suna Baga Sola, daga nan Buduma su ƙetaro da ita cikin jiragensu zuwa wannan Bagar, wadda ake ce wa Baga Kauwa don a bambanta su. Fatake kuma su saya su kai Kano da ƙasar Nufe da ƙasar Yarabawa.

Daga baya kifi ya fi kanwa. Wajen 1960 aka fara samun taru da koma na zaren leda, waɗanda ba sa ruɓewa a ruwa kamar na da, motoci kuma suka riƙa isa bakin tafki. Nan da nan masunta suka yi ta kwararowa, Hausawa daga Sakkwato da Kabi da Haɗeja, da Jukunawa daga Binuwai, har da mutanen Mali. Ana kama giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da bargi, a yayyanka, a gasa da hayaƙi ya zama banda, a ɗure a kwali a loda wa manyan motoci zuwa Anaca da Inugu da Ibadan da Ikko. Doron Baga, wani ƙauye gaba da garin kaɗan, ya zama babbar kwatar jirage. Hausa kuwa ta zama harshen kasuwa. Gwamnati ma ta kafa makarantar koyon aikin su a Baga.

A shekarar 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in mil kusan 10,000. Sai aka shiga shekarun fari. A 1973 ruwa ya ja baya ƙwarai, har wani tudu da ke ƙarƙashinsa, wanda ya faro daga wajen Baga ya nufi gaɓar gabas, ya fito fili ya raba tafkin biyu, da na arewa da na kudu. Na arewa ya sha ƙafewa ƙurmus. Da farin 1984 ya zo, abin da ya rage na sararin ruwa bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Madatsun da aka gina a ƙasar Kano, na Tiga a 1974 da na Calawa a 1992, su ma sun rage abin da Kogin Yobe ke kawowa. Mutumin da ya saba ɗaure jirginsa a bayan gida, sai ya zama yana tafiyar mil da yawa kafin ya ga ruwa.

Wanda ya ji wannan zai zaci a nan garin ya mutu, amma ba haka ya faru ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ƙasar da ruwa ya janye daga kanta baƙa ce mai taki, tana riƙe danshi wata da watanni. Masunta suka ɗauki fartanya suka shuka masara da wake da rani, ba ruwan sama ba taki, suka girbe abin mamaki. Shuwa da Filani suka kawo shanunsu sabuwar makiyaya. Giwan ruwa ya yi ƙaranci, amma tarwaɗa da karfasa da bargi, masu jure ruwan fadama, suka yawaita. Mutum ɗaya ya zama masunci in ruwa ya hau, manomi in ya sauka. Aka kakkafa sababbin ƙauyuka a cikin tsohon gadon tafki, kamar Daban Masara da Tumbun Gini, kasuwar Baga ta ƙara cika da hatsi bayan kifi.

Sai dai bin ruwa ya jawo wata matsala, gama ruwa bai san iyakar ƙasa ba. Tun 1964 ƙasashen nan huɗu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta kula da tafkin, amma duk da haka a 1983 sojan Nijeriya da na Cadi suka gwabza a kan tsibirai. Waɗansu masunta kuma suka bi ruwa har suka kafa Darak da ƙauyukan kewayenta, Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002 cewa ƙasar Kamaru ce, aka miƙa su a ƙarshen 2003. Saboda tsaron iyaka aka ajiye sansanin sojan haɗin gwiwa a Baga.

Abin da fari ya kasa yi wa garin, fitina ce ta yi masa. A watan Afrilu na 2013 aka yi faɗa tsakanin soja da 'yan Boko Haram a cikin gari, gidaje fiye da 2,000 suka ƙone, mutane da yawa suka halaka. Ran 3 ga Janairu 2015 'yan Boko Haram suka ci sansanin soja, suka yi kwanaki suna kisa da ƙone-ƙone a Baga da Doron Baga. Gwamnati ta ce mutum 150 suka mutu, waɗansu kuwa suka ce sun kai 2,000. Waɗanda suka tsira, waɗansu suka yi Maiduguri a ƙasa, waɗansu suka faɗa jirage suka ƙetare zuwa Cadi. Soja suka karɓe garin a watan Fabrairu, amma a ƙarshen 2018 aka sake auka masa, ya sake watsewa. An kuma yi shekaru ana hana safarar kifi, don kada kuɗinsa ya faɗa hannun mayaƙa, masunta da dillalai da masu lodi suka zauna a sansanin gudun hijira ba sana'a.

A watan Satumba na 2020 Gwamnatin Jihar Barno, a zamanin Gwamna Babagana Umara Zulum, ta fara mayar da mutane Baga da rakiyar soja. Masana masu auna tafkin daga sama kuma sun nuna cewa tun wajen 1990 ya daina raguwa, a shekarun ruwa mai yawa ma yakan farfaɗo. Ashe dai ruwa yana nan, kifi yana nan, ƙasar noma tana nan. Mutanen Baga sun riga sun nuna sun iya zama da tafki ko ya cika ko ya janye. Abin da suke bukata shi ne masunci ya fita da asuba ya komo da yamma lafiya, mota kuma ta ɗauki banda ta isa Maiduguri ba fargaba. Allah Ya zaunar da ƙasar Barno lafiya, amin.