Gano Musabbabin Santsi a Motoci Masu Ja da Ƙafafun Gaba: Nazari kan Hanyoyin Yankin Zoza

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dalilan da ke hana mota mai ja da ƙafafun gaba riƙe ƙasa a hanyoyin burji na Zoza, Ƙaramar Hukumar Rogo, Jihar Kano. Ta nuna cewa lodi da taya ya kamata a fara tuhuma kafin a taɓa inji.

1.0 Gabatarwa

A watan Agusta, lokacin da damina ta yi tsaka, hanyoyin ƙauyukan Rogo da Karaye kan zama laka. A da, Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, mai turi da ƙafafun baya, ita ke jigila a karkara. Yau Golf da Sharan sun maye gurbinta, kuma dukansu da gaba suke ja. Ma'aunin riƙon taya a busasshiyar kwalta kusan 0.7 ne, a ƙanƙarar Turai kuwa yakan sauka zuwa 0.1. Laka ta fi kusa da ƙanƙara, shi ya sa ƙa'idar binciken santsi a kansu ɗaya ce.

2.0 Matakan Bincike

Mataki na farko shi ne duba ƙafafun. Idan inji yana ƙugi amma ƙafa ba ta juyawa, kuloci ne ya cinye ko shaf ya karye. Idan ƙafa tana wulwulawa a wuri ɗaya, injin lafiya lau yake.

Na biyu, lodi. Ƙafafun gaba na mota mai ja da gaba suna ɗauke da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinta. Da an danƙara buhunan masara a but, sai baya ya zauna, gaba ya ɗaga. Hawan tudu yana ƙara tsananta wannan. A Peugeot 504 kuwa, lodin baya ƙara mata riƙo yake yi.

Na uku, taya. Zanen taya ne ke fitar da ruwa da taɓo. Dokar Turai ba ta yarda zurfinsa ya gaza milimita 1.6 ba, kuma laka tana buƙatar fiye da haka. Lambobi huɗu da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Tsohuwar roba takan ƙandare. Iska mai yawa ma tana rage faɗin da ke taka ƙasa.

Na huɗu, rabon ƙarfi. Na'urar da ke cikin giyabos tana ba ƙafafun biyu ƙarfi daidai wa daida, don haka idan ɗaya ta faɗa laka tana juyi, ɗayar ba ta samun abin da zai fitar da motar. Ƙara wuta haƙa rami kawai yake yi.

3.0 Kammalawa

Bin waɗannan matakai bi da bi zai hana direba kashe kuɗin gyaran da bai taso ba. Muna ba da shawarar a rage lodin baya, a sa tayoyi masu zane kafin saukar damina, a tashi da giya ta biyu a hankali. Ya dace ƙungiyoyin direbobi da makanikan Rogo da Karaye su koyar da yaransu wannan tsari.